Tukano da Cilakowar Kurmi: Kama da Wane Ba Ta Wane

A dazuzzukan kurmi na ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama akwai tsuntsaye biyu da mutane suke yawan rikitawa idan sun gan su a hoto. Na farko shi ne tukano, mazaunin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ta biyu ita ce cilakowar kurmi, babbar 'yar'uwar cilakowar nan da aka sani a ƙasar Hausa, wadda take zaune a kurmin Afirka da na Asiya. Kowannensu yana da zabgegen baki mai ɗan lanƙwasa, kowannensu 'ya'yan itatuwa ne babban abincinsa, kuma kowannensu a kogon bishiya yake ƙyanƙyasa. Duk da haka babu wani daji a duniya da za a same su tare, domin manyan tekuna sun raba mazaunansu, kuma ba su haɗa dangi na kusa ba. Sanin inda suka yi kama da inda suka bambanta yana bayyana yadda kurmi yake rayuwa, domin waɗannan tsuntsaye suna cikin manyan masu yaɗa irin itatuwansa.

Inda kowannensu yake zaune

Tukano suna ne na dangi guda mai nau'i sama da 40, wanda masana suke kira Ramphastidae. Ana samun su daga kudancin Meziko har zuwa arewacin Ajantina, mafi yawansu a kurmin Amazon. Wasu nau'o'in suna zaune a dazuzzukan tsaunukan Andis masu hazo, a tudun da ya haura mita 3,000. Sunan ya samo asali daga harshen mutanen Tufi na Barazil, daga nan ya shiga harshen Fotugis, sannan ya bazu a duniya. Mafi girma a cikinsu shi ne wanda ake kira toko, baƙin tsuntsu mai farin maƙogwaro da baki ruwan lemo. Tsawonsa yana kaiwa santimita 55 zuwa 65, nauyinsa kuma bai cika kilo 1 ba. Shi toko ya fi son bakin daji da itatuwan gefen kogi a kan tsakiyar kurmi, saɓanin yawancin 'yan'uwansa da ba sa rabuwa da saman manyan itatuwa. Ƙananan nau'o'in, waɗanda ake kira arasari, wasunsu nauyinsu bai wuce giram 130 ba.

Dangin cilakowa, wato Bucerotidae, sun kai nau'i kusan 60 idan an haɗa da burtu. Kimanin rabinsu suna Afirka kudu da Sahara, sauran kuma suna Asiya, daga Indiya zuwa Filifin da Indonisiya har tsibiran Solomon. A Afirka da yawa daga cikinsu 'yan fili ne masu cin ƙwari, kamar cilakowar ƙasar Hausa da burtu. Amma a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da dazuzzukan Kuros Riba da Okomu a kudancin Nijeriya, akwai manyan cilakowa masu cin 'ya'yan itace, irin su mai baƙin kwalkwali da mai rawayan kwalkwali. A Asiya kusan dukkan nau'o'in 'yan kurmi ne. Fitacciya a cikinsu ita ce babbar cilakowar Asiya, Buceros bicornis, wadda tsawonta yake kaiwa santimita 95 zuwa 130, faɗin fukafukanta kimanin mita ɗaya da rabi, nauyinta kuma kilo 2 zuwa 4. Ke nan ta ninka tukano mafi girma sau uku ko fiye a nauyi.

Asali da dangantaka

Kamar da ke tsakanin tsuntsayen biyu ba ta gado ba ce. Tukano ɗan'uwan maƙwaƙƙwafi ne, tsuntsun nan mai sassaƙar itace da baki, kuma yana da dangantaka da tsuntsun Afirka mai jagorantar mutane zuwa wurin zuma. Ita kuwa cilakowa, danginta na kusa shi ne alhudahuda. Tsatson biyun sun rabu tun shekaru miliyoyi masu yawa, kowanne ya bi hanyarsa a nahiyarsa.

Abin da ya sa suka yi kama shi ne sana'arsu ɗaya ce. Masana halittu sun lura cewa idan halittu biyu mabambanta suka daɗe suna neman abinci iri ɗaya a muhalli iri ɗaya, siffarsu takan karkata wuri ɗaya, kamar yadda jemage da tsuntsu duk suke da fiffike alhali ɗaya yana shayarwa, ɗaya yana ƙwai. 'Ya'yan itace mafi nuna sukan kasance a ƙarshen siraran rassa waɗanda ba za su ɗauki nauyin babban tsuntsu ba. Tsuntsun da yake da dogon baki yana iya zama a reshe mai ƙwari ya miƙa ya tsinko su. Wannan buƙata ita ce ta haɗa tukano da cilakowa a siffa, ko da yake kowannensu ya warware matsalar ɗaukar irin wannan baki ta hanyarsa.

Baki da kwalkwali

Bakin toko yana kaiwa santimita 20 ko ɗan fiye, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon tsuntsun. Amma nauyin bakin bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na nauyin jikinsa ba. Sirrin yana cikin gininsa. Bayansa siririn ɓawo ne na keratin, sinadarin da ake samu a farce da ƙaho, cikinsa kuma siraran zaren ƙashi ne da suka sarƙe kamar soso, da iska a tsakaninsu. Gini irin wannan yana haɗa ƙwari da rashin nauyi, har injiniyoyi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun yi nazarinsa don neman dabarar ƙera kayan da ba su da nauyi amma suna jure bugu. Gefen bakin yana da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, wanda yake taimaka masa riƙe ɗan itace mai santsi da ɓare shi.

Bakin yana da wani aiki da ba a gane ba sai a 2009, lokacin da Glenn Tattersall da abokan aikinsa na Barazil suka ɗauki hoton toko da kyamara mai ganin zafi. Sun gano cewa a ƙarƙashin ɓawon akwai jijiyoyin jini masu yawa. Idan zafi ya yi yawa, tsuntsun yana sakin jini ya kwarara zuwa baki, iska ta kwashe zafin, kamar yadda lagireto yake sanyaya injin mota. Idan sanyi ya sauka, sai ya tsuke jijiyoyin ya riƙe ɗuminsa. Ta wannan hanya bakin yana iya fitar da kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na zafin da jiki yake zubarwa. Tsuntsu ba ya gumi, don haka wannan ba ƙaramin gata ba ne. Shi ya sa kuma idan tukano zai yi barci yakan juya kai ya kwantar da bakin a bayansa cikin gashi, ya naɗo wutsiya ya rufe, ya koma kamar dunƙulen ƙwallo.

Bakin cilakowa ya fi na tukano nauyi da ƙarfi, domin ban da tsinkar 'ya'yan itace tana ɓare ɓawon bishiya da shi, tana faɗa da shi, tana kuma yin yaɓe da shi. Don ɗaukar wannan nauyi, ƙasusuwan wuyanta biyu na farko a haɗe suke sun zama ɗaya, siffar da ta keɓanta da danginta a cikin tsuntsaye. Ita ma tana fitar da zafi ta baki, amma bai kai na tukano ba: binciken da aka yi kan wata cilakowa mai rawayan baki a hamadar Kalahari ya nuna kimanin kashi 20 cikin 100.

Babbar alamar da take raba su da kallo ɗaya ita ce kwalkwali, wani tudu da yake bisa bakin cilakowa, wanda tukano ba shi da shi sam. A cilakowar ƙasar Hausa ɗan tudu ne da ba a cika lura da shi ba. A manyan nau'o'in kurmi kuwa yakan yi girma kamar ƙaho ko akwati. Yawanci cikinsa holoƙo ne, kuma ana ganin yana ƙara wa murya amo. Yana ɗaukar shekaru kafin ya cika girma, kuma na namiji ya fi na mace, saboda haka yana nuna shekaru da jinsin mai shi. Launin rawaya da ake gani a kwalkwali da wuyan babbar cilakowar Asiya shafe ne: tana ɗebo mai daga wata ƙaba da ke gindin wutsiyarta ta goga a jikinta. Nau'i ɗaya ne ya fita daban, wato Rhinoplax vigil ta tsibiran Borniyo da Sumatara da yankin Malesiya da kudancin Tailan. Gaban kwalkwalinta a cike yake tam kamar hauren giwa, yana kaiwa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, kuma mazan sukan yi karo da shi a sararin sama kamar raguna.

Ƙafa, harshe, fiffike da murya

Sauran sassan jiki suna tona asalin kowannensu. Tukano yana da yatsu biyu a gaba, biyu a baya, irin na maƙwaƙƙwafi da aku. Cilakowa tana da uku a gaba, ɗaya a baya, kuma na gaban a manne suke daga gindi. Harshen tukano dogo ne siriri, yana kaiwa kimanin santimita 14 a manyan nau'o'i, gefensa a barbaje kamar gashin tsuntsu. Harshen cilakowa gajere ne, bai isa ƙarshen baki ba. Duk da wannan bambanci salon cinsu ɗaya ne: su kama ɗan itace da tsinin baki, su cilla shi sama ta hanyar jefa kai baya, ya faɗa maƙogwaro. Cilakowa tana da dogon gashin ido mai kare ta daga rana da ƙura, abin da tukano ba shi da shi.

A wajen tashi ma sun sha bamban. Fukafukan tukano gajeru ne, saboda haka ba ya nisa. Yakan kaɗa su sau da dama, ya yi lilo, ya sauka a bishiya ta gaba, kuma ya fi son tsalle daga reshe zuwa reshe. Manyan cilakowa kuwa matafiya ne, suna ratsa saman kurmi na tsawon kilomitoci a rana guda. Fukafukansu ba su da ƙananan gashin da yake rufe gindin manyan gashi ta ƙasa, don haka iska tana bi ta tsakani da ƙara mai kama da hucin jirgin ƙasa mai tururi. Akan ji zuwansu tun kafin a gan su.

Kukan tukano ya kasu biyu: wasu nau'o'in suna ƙugi kamar kwaɗo, wasu suna ihu mai kaifi. Akwai wanda masu magana da Sifaniyanci suke kira Diostedé, ma'ana Allah ya ba ka, saboda haka kukansa yake faɗa a kunnensu. Cilakowar kurmi kuwa tana da ruri da haushi da busa, gwargwadon nau'i. Ta Borniyo mai cikakken kwalkwali tana farawa da kira ɗaɗɗaya a hankali, ta riƙa sauri har ta ƙare da wata ƙyalƙyala mai kama da dariyar mutum, wadda ake ji daga nesa ƙwarai. Cilakowa tana kuma sauraron maƙwabtanta. Binciken da aka wallafa a 2004 daga dajin Tayi na ƙasar Kwaddebuwa ya nuna cewa mai rawayan kwalkwali tana bambance kukan gargaɗin da wani biri yake yi idan ya ga gaggafa da wanda yake yi idan ya ga damisa. Tana ɗaukar mataki kan na gaggafa, wadda take iya kama ta, ta yi watsi da na damisa.

Abinci

Ga manyan cilakowar Asiya, dangin ɓaure su ne ginshiƙin abinci. Waɗannan itatuwa, 'yan'uwan ɓaure da cediya da gamji da durumi, ba su da lokacin 'ya'ya guda ɗaya, saboda haka a kowane wata akan sami wata bishiya da ta nuna a wani sashe na kurmi. Idan ta nuna, cilakowa sukan taru a kanta da yawa tare da birai da sauran tsuntsaye. Ban da ɓaure suna neman 'ya'yan itace masu maiƙo da babban ƙwallo, waɗanda suka fi ba da ƙarfi. A Afirka 'ya'yan kwakwar manja suna cikin abincinsu. Tukano ma yana cin ɓaure, amma ya fi dogara ga 'ya'yan itatuwa dangin kwakwa da na wata bishiya mai suna Virola.

'Ya'yan itace ba su da isasshen sinadarin gina jiki, musamman ga ɗan tsako mai girma, don haka duka biyun suna haɗawa da nama: ƙwari, ƙadangaru, kwaɗi, ƙananan macizai, har da ƙwai da 'ya'yan wasu tsuntsaye. Tukano ya yi suna wajen kai farmaki sheƙar ƙananan tsuntsaye, inda dogon bakinsa yake isa cikin kogo ko sheƙar da take rataye. A wuraren kiwon namun daji an gano cewa jikin tukano yana tara sinadarin ƙarfe a hanta fiye da kima, har ya kashe shi, saboda haka ake haɗa masa abinci na musamman mai ƙarancin ƙarfe.

Sheƙa da renon 'ya'ya

A nan ne bambancin tsuntsayen biyu ya fi fitowa. Dukkansu ba sa iya fafe itace mai ƙwari da kansu, sai dai su nemi kogon da ruɓa ko karyewar reshe ko maƙwaƙƙwafi ya bari. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Tukano yana barin ƙofar kogonsa a buɗe. Macen tana yin farin ƙwai 2 zuwa 4, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kwana 16 zuwa 20. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, idonsu a rufe, bakinsu gajere. A dugadugansu akwai wani kauri kamar kanta wanda yake kare su daga kaushin ƙasan kogo, inda ƙwallayen da iyaye suka amayar suke taruwa. Uwa da uba duk suna fita kiwo suna kawo abinci, kuma bayan mako 6 zuwa 8 'ya'yan suna tashi. A wasu nau'o'in arasari, manyan tsuntsaye har 5 ko 6 sukan kwana a kogo ɗaya, wasunsu kuma su taya iyaye ciyar da 'ya'ya.

Cilakowa tana bin wata hanya da babu irinta a cikin tsuntsaye. Idan lokacin ƙwai ya yi, macen tana shiga kogo ta toshe ƙofar daga ciki da kashinta da ragowar 'ya'yan itace, a wasu nau'o'in kuma da laka wadda namijin yake kawowa. Tana daddaɓe yaɓen da gefen bakinta har ya bushe ya yi tauri, ta bar 'yar siririyar tsaga wadda tsinin baki kawai zai iya wucewa. Cilakowar ƙasar Hausa ma haka take yi da damina. Burtu ne kaɗai a dangin ba ya toshe ƙofarsa.

A cikin wannan kulle macen take ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. A yawancin nau'o'in a lokacin ne take zubar da manyan gashin fiffike da na wutsiya gaba ɗaya, ta fitar da sababbi, don haka akwai makonnin da ko an buɗe mata ba za ta iya tashi ba. Tana tsabtace ɗakin ta hanyar juya baya ta harba kashi waje ta tsagar. Ciyarwa duk tana wuyan namiji. Yakan cika maƙogwaro da 'ya'yan itace, ya manne a jikin bishiyar, ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa mata. An ƙiyasta cewa namijin wata cilakowar kurmin Afirka ta Gabas yana kai 'ya'yan itace kusan 24,000 a zuwa 1,600 cikin kwana 120 na reno ɗaya.

Babbar cilakowar Asiya tana yin ƙwai 1 ko 2, tana kwanci kwana 38 zuwa 40, kuma yawanci ɗa guda ne yake rayuwa. Idan ya yi wayo, uwar tana fasa yaɓen ta fita ta taya uban kiwo, shi kuma ɗan ya sake toshe ƙofar da kansa. Daga shiga zuwa tashin ɗa akan ɗauki kusan wata 4. A nau'in Borniyo uwar tana zama ciki kimanin wata 5. Amfanin wannan wahala shi ne tsaro daga birai da macizai da sauran masu satar ƙwai, da kuma hana wasu tsuntsaye ƙwace kogon. Haɗarinsa kuma a fili yake: idan maharbi ya kashe namijin a lokacin reno, uwa da ɗa sukan mutu da yunwa. Harsashi ɗaya ya hallaka gida guda. Manyan cilakowa suna daɗewa, har kusan shekara 50 a wurin kiwo, amma haihuwarsu kaɗan ce, don haka asarar manya tana daɗewa ba ta cike ba.

Aikin shuka daji

Tsakanin waɗannan tsuntsaye da itatuwan kurmi akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Bishiya tana ba da tsoka mai zaƙi ko maiƙo, tsuntsu ya haɗiye ɗan itacen ɗungum, ya narkar da tsokar, ya amayar da ƙwallon ko ya fitar da shi a kashi ba tare da ya lalata shi ba. Irin da ya faɗi a gindin uwarsa ba ya cika rayuwa, domin a nan ƙwari da ɓeraye da cututtuka suke taruwa, ga kuma inuwa. Nazarin da aka yi a tsibirin Barro Colorado na Panama ya nuna cewa irin Virola da ya faɗi mita 45 daga uwar bishiya ya fi wanda ya faɗi a gindinta damar tsira sau 40 da ɗoriya. Wani binciken na 2011, wanda a cikinsa aka ɗaura wa tukano na'urar bin sawu, ya gano cewa yakan riƙe ƙwallon kimanin minti 25 kafin ya amayar, a nisan mita 144 bisa matsakaicin lissafi.

Cilakowa ta fi kai iri nesa saboda ƙarfin fiffikenta. A arewa maso gabashin Indiya an ƙiyasta cewa manyan nau'o'in suna iya kai iri fiye da kilomita 10. A gandun Dja na ƙasar Kamaru an gano cewa nau'i uku na cilakowa suna yaɗa irin kusan kashi 22 cikin 100 na nau'o'in itatuwan wurin, kuma an bi sawun wasu da suka yi tafiyar kilomita 290 suna neman inda 'ya'yan itace suka nuna. Wannan aiki ya sa a Asiya ake wa manyan cilakowa laƙabi da manoman daji. Muhimmancinsu ya fi yawa ga itatuwa masu babban ƙwallo, waɗanda ƙananan tsuntsaye ba sa iya haɗiyewa.

Abin da yake faruwa idan irin waɗannan tsuntsaye suka ɓace an gan shi a kurmin gaɓar Atlantika na Barazil, wanda noman rake da na kofi suka daddatsa. A 2013 Mauro Galetti da abokan aikinsa sun auna ƙwallaye sama da 9,000 na wata bishiya dangin kwakwa, Euterpe edulis, a wurare 22. A guntayen dajin da tukano da sauran tsuntsaye masu faɗin baki suka ƙare, ƙwallayen sun ƙanƙance cikin kimanin shekara 100, saboda ƙananan tsuntsayen da suka rage ƙananan ƙwallaye kawai suke ɗauka. Ƙaramin ƙwallo kuwa ya fi saurin bushewa, kuma tsironsa ba shi da ƙarfi.

Dangantakar takan sarƙe fiye da haka. A fadamar Pantanal ta Barazil, babban aku mai launin shuɗi yana yin kusan dukkan sheƙarsa a kogon wata bishiya mai suna mandubi. Toko ne yake yaɗa mafi yawan irin wannan bishiya, kuma shi ne yake cin fiye da rabin ƙwan akun da ake sacewa. Ke nan mai gina masa gida shi ne mai yi masa ɓarna, kuma kare akun yana buƙatar kare su duka.

Mutane, barazana da kariya

Al'ummomin da suke zaune da tsuntsayen nan sun ba su matsayi. Tukano mai baki kala-kala shi ne tsuntsun ƙasa na Beliz, kuma ƙabilun Amazon sun daɗe suna ado da gashinsa. Babbar cilakowar Asiya ita ce tsuntsuwar jiha ta Kerala da Arunachal Pradesh a Indiya, jihar Nagaland kuma tana bikin al'adu da sunanta a farkon Disamba tun 2000. A Sarawak ta Malesiya wata cilakowa mai kwalkwali kamar ƙahon karkanda ce tambarin jiha. A ƙasar Hausa, maharba sun san dabarar ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya irin tasa don su kusanci namun daji.

Babbar barazana ga duka biyun ita ce saran daji. Masu yankan katako sun fi neman manyan tsofaffin itatuwa, waɗanda su ne masu kogon da ya isa sheƙa, kuma irin wannan bishiya tana ɗaukar shekaru da yawa kafin ta samu. Tukano, da ba ya iya dogon tashi, yakan maƙale a ɗan guntun dajin da gonaki suka kewaye. Ana kuma kama shi don sayarwa masu kiwon tsuntsaye. Cilakowa tana fama da farauta don nama da gashi da kai. Wadda ta fi shiga uku ita ce ta Borniyo, saboda ana sassaƙa kwalkwalinta a yi kayan ado da ake sayarwa da tsada, musamman a ƙasar Sin. An ƙiyasta cewa a 2013 kaɗai an kashe kusan 6,000 a lardin Kalimantan ta Yamma na Indonisiya. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya ta cikin waɗanda suke gab da ƙarewa, a 2018 kuma ta sanya babbar cilakowar Asiya cikin masu fuskantar haɗari.

Hanyoyin kariyar da suka fi tasiri su ne waɗanda suka jawo mutanen wurin a jiki. A tsaunin Budo na kudancin Tailan, tun 1994 masaniya Pilai Poonswad ta shawo kan masu satar 'ya'yan cilakowa suka koma masu gadin sheƙa, ana biyansu da gudummawar masu ɗaukar nauyin kowace sheƙa. A kewayen gandun Pakke na Arunachal Pradesh, mutanen Nyishi, waɗanda suke sa bakin cilakowa a hular gargajiya, sun karɓi bakin roba a madadin na gaske, kuma wasunsu suna aikin gadin sheƙa. A wasu wuraren ana gyara kogon bishiya da ya lalace ko a rataya akwatunan katako a manyan itatuwa don cike giɓi. Ga tukano kuwa, abin da ya fi amfani shi ne barin layukan itatuwa da suke haɗa guntayen daji, domin ya iya ƙetarawa da iri a cikinsa. Duk waɗannan matakai suna komawa ga buƙatu biyu da tsuntsayen suka yi tarayya a kansu: tsohuwar bishiya mai kogo da za a yi reno, da daji mai faɗin da za a sami 'ya'yan itace a kowane wata na shekara.